Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya ƙera wa duniya jita alhali bai iya kaɗa ta ba

A watan Yunin 2019, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wata baƙar jita mai aiki da lantarki a kan dala miliyan 3 da dubu 975. Kafin ranar, ba a taɓa sayar da jita a gwanjo da irin wannan tsada ba. Mai ita shi ne David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Birtaniya, wanda ya saye ta a wani shago a 1970.

Da babur ne aka kai kasuwa a irin halin da jitar take ciki, da dillalai sun kira shi haɗe-haɗe. Wuyan da ke jikinta ranar gwanjon ba shi ta fito da shi daga masana'anta ba, domin an sauya shi sau da dama. An sauya na'urorin da ke ɗaukar sautinta. An taɓa fafe jikinta aka dasa wani ƙarfe, daga baya aka cire shi, aka toshe ramin da katako, aka bi da fenti.

Duk wannan ya yiwu ne saboda haka mutumin da ya tsara ta ya nufa tun farko. Sunansa Leo Fender. Akanta ne da aiki ya ƙare masa, ya koma gyaran rediyo, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya kaɗa jita ba. Ya ɗauke ta tamkar rediyo: abin da za a kwance da sukundireba, a cire abin da ya lalace, a mayar da sabo. Wannan tunani ya sa jitocinsa suka bazu ko'ina, shi ne kuma ya bar wa masu sayen ta hannu ciwon kan da ba su rabu da shi ba har yau, wato gane wace iri ce, shekarunta nawa, kuma wane ɓangare nata ne na asali.

Ɗan manoman lemo

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agustan 1909 a wata gona tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton a jihar Kalifoniya. Iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara takwas ƙari ya fito masa a idon hagu, likitoci suka cire idon aka saka masa na gilashi. Wannan larura ce ta sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kwashi sa'o'insa.

Ya ɗan taɓa koyon fiyano da wata algaitar Turawa da ake kira saksofon, amma hankalinsa ya tafi wani wuri tun ranar da ya ziyarci kawunsa John West, mai gyaran wayarin mota a garin Santa Maria. Kawun ya harhaɗa rediyo da tarkacen kaya ya ajiye a gaban shago tana ta kwaɗa murya. Yaron ya dawo gida ya fara kwance rediyo yana haɗawa.

Bai taɓa zama a ajin koyon lantarki ba. Ya gama sakandare a 1928, ya karanci aikin akanta a ƙaramar kwalejin Fullerton, ya yi aiki a wani kamfanin ƙanƙara, da farko yana kai kaya, daga baya ya zama akawunsu. A gefe guda yana haɗa wa masu kiɗan rawa lasifika. Ya auri Esther Klosky a 1934, ya samu aikin akanta a hukumar kula da hanyoyi ta jihar. Zamanin karayar tattalin arziƙi ne a Amurka, aka rage ma'aikata har da shi. Ya koma wani kamfanin taya, wata shida aka sake sallamarsa.

A 1938 ya ranto dala 600, ya dawo Fullerton ya buɗe shagon gyaran rediyo mai suna Fender Radio Service.

Abin da teburin gyara ya koya masa

Kudancin Kalifoniya a shekarun yaƙi ya cika da baƙi daga jihohin Texas da Oklahoma da suka zo neman aiki a masana'antun jiragen sama, kuma sun zo da kiɗansu. Gidajen rawa suka ƙara girma, jama'a suka ƙara yawa, sautin jita ya riƙa nutsewa a cikin hayaniyar ganguna da ƙahoni.

An riga an san dabarar sa wa jita lantarki. Tun farkon shekarun 1930 kamfanin Rickenbacker ya fara sayar da irinta. Dabarar kuwa ba ta da wuyar fahimta. Ana jera 'yan maganaɗisu a ƙarƙashin tsarkiyoyin ƙarfe, a naɗe su da siririyar wayar tagulla mai kaurin gashin kai, zagaye dubbai. Idan aka taɓa tsarkiya ta yi rawa, sai wata 'yar wuta ta haifu a cikin wayar, ta bi igiya zuwa amfilifaya, lasifika ta mayar da ita sauti. Wannan na'ura ita ce maɗaukin sauti.

Matsalar tana ga jikin jitar. Yawancin na lokacin akwatuna ne masu rami a ciki, da zarar an ƙara murya sai akwatin ya kama sautin lasifika ya mayar da shi, a ji wani kuka mai kashe kunne. Duk wanda ya taɓa zama wajen taro aka kusantar da makirfo ga lasifika ya san wannan kuka. Maganinsa shi ne a yi jikin da dunƙulallen katako marar rami. Fender bai riga kowa gane haka ba. Les Paul ya gwada a kan wani gungumen katako, Paul Bigsby kuma ya ƙera wa makaɗi Merle Travis guda ɗaya a 1948. Amma waɗannan aikin hannu ne, ɗaya bayan ɗaya.

Inda Fender ya sha bamban shi ne abin da ya gani a teburinsa. Makaɗa kan kawo masa kayansu sun lalace ana gobe wasa, shi kuma ya ga yadda masu ƙira ba su taɓa tuna mai gyara ba. A lokacin yaƙi ya haɗu da Doc Kauffman, wanda ya taɓa aiki da Rickenbacker, suka kafa kamfanin K&F suna yin amfilifaya da irin jitar da ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe. Kauffman ya ji tsoron bashin da harkar ke neman jawowa, ya janye a 1946. Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunansa.

Sukuru huɗu

A 1950 ya fitar da jitar da ya kira Esquire, mai maɗaukin sauti ɗaya, sannan mai biyu da aka sa wa suna Broadcaster. Jikinta falle ne na katako da aka yanka da inji. Wuyanta katako ɗaya ne, an kafa masa 'yan ƙarafan da ke raba murya kai tsaye. An ɗaure wuyan da jikin da sukuru huɗu ta baya, a kan wani ɗan faifan ƙarfe.

Waɗannan sukuru huɗu su ne duk labarin. Tsofaffin kamfanoni irin su Gibson da gam suke manne wuya da jiki, kamar yadda masu ƙera goge na Turai suka gada. Idan irin wannan wuya ya karye ko ya karkace, sai gwani, sai makonni. A ta Fender kuwa, mintuna kaɗan sun isa a cire wuya a ɗaura wani. Ba ya buƙatar sassaƙan da ya shekara goma yana koyo, ma'aikaci da inji da ma'auni sun wadatar. A wajen baje kolin kayan kiɗa abokan hamayya suka yi ta dariya, wasu na kwatanta ta da filafilin tuƙa kwalekwale. Shekara biyu bayan haka, a 1952, Gibson ya fito da tasa mai dunƙulallen jiki.

A gaskiya tunanin Fender ya fi kusa da na makaɗanmu na gargajiya fiye da na Turai. Kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwani ne da fata da sanda. Gurmi irin na Haruna Uji na Haɗeja, idan fata ta fashe ko tsarkiya ta tsinke, mai shi ne ke zama ya gyara abinsa.

Ba duk abin da ya yi ne ya yi daidai a karon farko ba. Esquire na farko-farko ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya, domin Fender ya gamsu cewa katakon kaɗai zai jure jan tsarkiyoyi. Wasu suka lanƙwashe, masu sayarwa suka matsa masa, dole ya saka sandar. Har yau ita ake murɗawa a miƙe wuyan jita idan ya karkace.

Sai kuma rikicin suna. A watan Fabrairun 1951 kamfanin Gretsch ya aiko da saƙon tangaraho cewa yana da ganguna masu suna Broadkaster, don haka a daina amfani da sunan. Fender, akanta ne fa, bai ga dalilin zubar da tambarin da aka riga aka buga ba. Aka sa almakashi aka riƙa yanke kalmar Broadcaster, ana liƙa sunan Fender kawai, har tsofaffin suka ƙare, sabon suna Telecaster ya fito a cikin shekarar. 'Yan ɗaruruwan jitocin da suka fita ba suna a wannan tsakani, waɗanda masu tara tsofaffin kaya ke kira Nocaster, yanzu suna cikin mafi tsada. Tsimin 'yan kwabbai ne ya zama shaidar shekara.

A 1951 ɗin dai ya fitar da Precision Bass, wadda ta maye gurbin ƙatuwar gogen nan mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye. A 1954 kuma sai Stratocaster, a kan dala 249 da santi 50. Tun da shi bai iya kiɗa ba, sai ya mayar da makaɗa kunnuwansa. Yakan ba su samfuri su je su yi wasa da shi, su dawo su faɗi aibinsa. Bill Carson ya yi ƙorafin cewa gefen Telecaster na sukar haƙarƙarinsa, aka fafe bayan sabuwar jitar da inda hannu ke sauka. Freddie Tavares ya taimaka wajen zanen siffarta. An ba ta maɗaukan sauti uku, da wani hannu mai sifirin a baya wanda ke sassauta tsarkiyoyi sauti ya yi lilo. Kusan dukkan kayan wutarta an ɗaure su a jikin faifan roba guda, a ɗaga shi gaba ɗaya kamar yadda ake zaro cikin rediyo daga akwatinta. Launuka na musamman kuwa, fentin mota ne na kamfanin DuPont.

Haƙoran jita

Wanda ya saba shiga karar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa mai sayen sa ba ya tsayawa ga abin da mai shi ya faɗa. Buɗe bakin dabbar yake yi ya duba haƙora. Jitar Fender ma tana da nata haƙoran, kuma yawancinsu a ɓoye suke. Ba a yi su don masu tarihi ba. Alamomin cikin gida ne na masana'antar da akanta ke shugabanta, don a san wa ya yi wane aiki, kuma yaushe.

Abin da kowa ke fara dubawa shi ne lambar kamfani, kuma ita ce mafi raunin shaida. Daga 1950 zuwa 1954 ana buga ta a kan ƙarfen da tsarkiyoyi ke hawa a jikin Telecaster. Daga 1954 ta koma kan faifan nan mai sukuru huɗu. Ana buga faifan da yawa a zuba a akwati, ma'aikaci ya sa hannu ya ɗauki wanda ya samu, don haka lambobin ba sa bin juna daidai, ana iya samun tazarar shekara ko fiye. Sannan faifan da sukuru huɗu ke riƙe da shi, kowa na iya ɗauke shi ya mayar kan wata jitar. Duk da haka akwai manyan iyakoki. Lambar da ta fara da harafin L ta tsakanin 1963 da 1965 ce. Faifai mai babban harafin F ya fara daga ƙarshen 1965. A 1976 lambar ta koma kan jitar, kusa da suna, inda S ke nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z kuma na 2000, lambar da ke biye ita ce shekarar. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin tambarin S9 na 1979 an buga shi da yawa, aka ci gaba da liƙa shi har 1981.

Shaidar da ta fi ƙarfi sai an kwance wuya. A gindinsa, inda yake shiga jiki, ma'aikacin da ya gama shi kan rubuta wata da shekara da fensir. A wasu na farkon shekarun 1950 akwai haruffan TG, na wani ma'aikaci Tadeo Gomez, wanda bai san cewa wata rana za a riƙa neman sa hannunsa da fitila ba. Daga 1962 aka koma hatimin tawada, mai ɗauke da lambar nau'in jitar, da wata, da shekara, da harafin da ke nuna faɗin wuyan. A cikin ramukan jiki ma akan tarar da kwanan wata da fensir, ko ɗan salatif mai ɗauke da sunan matar da ta haɗa wayoyin. Mata da yawa ne ke wannan aiki. Ɗaya daga cikinsu, Abigail Ybarra, ta shiga kamfanin a 1956, ba ta ajiye aikin naɗa waya ba sai 2013.

Sai wadda masu gyaran rediyo za su fi ganewa. A ƙarƙashin kowane maɓallin murya akwai ɗan gwangwani, kuma kamfanonin Amurka da ke yin su suna buga masu lamba. Uku na farko na kamfanin ne: 137 na CTS, 304 na Stackpole. Sauran su ne shekara da mako. Idan aka ga 1376420, ana nufin CTS ne ya yi shi a mako na 20 na 1964. A shekarun 1950 lamba ɗaya ce ke tsayawa a madadin shekara. Abin da wannan ke tabbatarwa kawai shi ne ba a gama jitar kafin wannan mako ba. Bai ce ba a gama ta da daɗewa bayansa ba, domin a 1966 kamfanin ya sayi gwangwanayen da yawa, ya yi ta amfani da su har shiga shekarun 1970. Kuma sai an duba dalmar da ta riƙe wayoyin. Tsohuwa takan dushe, wadda aka taɓa daga baya takan nuna kanta.

Daga waje ma akwai abin ƙirgawa. Faifan robar Stratocaster na da sukuru takwas har zuwa 1959, daga nan ya koma sha ɗaya. A shekarar ce kuma aka fara shimfiɗa baƙin katako a fuskar wuya maimakon farin. Fentin da ke da duhu a gefe da haske a tsakiya launi biyu ne har 1958, sannan aka ƙara ja ya zama uku. Rubutun sunan Fender siriri ne har zuwa 1964, daga baya ya yi kauri.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke isa ita kaɗai. Masana kan jera su ne su ga ko sun yarda da juna. Wuya na 1962 da gwangwanayen ƙarshen 1961 da faifai mai sukuru sha ɗaya labari ɗaya suke bayarwa. Wuya na 1962 a kan jiki mai ramin sukuru takwas kuwa, ko an yi musanya, ko akwai bayanin da mai sayarwa bai yi ba.

Wani abu da zai ba 'yan kasuwarmu mamaki: sabon fenti rage kuɗin tsohuwar jita yake yi. A nan, mai son sayar da tsohon keke ko firji sai ya fesa masa fenti. A kasuwar tsofaffin jitoci, wadda aka sake wa fenti kan rasa kusan rabin darajarta, ita kuwa mai ƙuje-ƙuje da tabon gumi ita ake rububi.

Cinikin 1965

A tsakiyar shekarun 1960 Fender ya gaji. Ya daɗe yana fama da ciwon da ya kama masa kogon hanci ya ƙi jin magani, har ya fara tunanin kwanansa sun ƙare. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, babban gidan rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13, kuɗin da ya haura abin da CBS ɗin ya biya watanni kaɗan kafin nan don mallakar mafi yawan hannun jarin ƙungiyar wasa ta New York Yankees. Da kamfanin aka haɗa har sunansa, tare da sharaɗin ba zai yi gogayya da su ba na tsawon shekaru. Bai jima ba ya sauya likita, ya warke sarai.

Wannan shekara ta zama layin da ya raba farashi gida biyu har gobe. Sababbin masu kamfani suka faɗaɗa kan Stratocaster a ƙarshen 1965, wanda ya ba suna wurin fitowa ɓaro-ɓaro. A ƙarshen shekarun 1960 aka koma fenti mai kauri. A 1971 sukuru huɗu suka koma uku, wurin murɗa sandar wuya ya tashi daga gindi ya koma kai. Aka yawaita ƙira, kulawa ta ragu, makaɗa suka fara bin shagunan kayan hannu suna neman na kafin CBS.

Eric Clapton na cikinsu. A 1970 ya sayi tsofaffin Stratocaster guda shida a wani shago a birnin Nashville, ya yi kyauta da uku, sauran ukun ya zaɓi wuyan wannan da jikin waccan ya haɗa guda ɗaya da ya kira Blackie. An sayar da ita a 2004 a kan dala 959,500.

Sai dai an cika zuzuta wannan layi. Farar jitar da Jimi Hendrix ya kaɗa a taron Woodstock a 1969 ƙirar 1968 ce, ta zamanin CBS. Ta Gilmour ma haka. Shekara na faɗin kuɗin jita, amma ba ta faɗin yadda za ta yi amo a hannun wanda ya iya.

Yadda siffar ta kuɓuce wa mai ita

Abin da aka tsara don ya yi sauƙin ƙerawa, zai yi sauƙin kwaikwaya. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco suna yin kwafin tsofaffin Fender da wasu ke ganin sun fi sababbin na Amurka kyau. A 1982 kamfanin ya haƙura ya shiga haɗin gwiwa da Japanawa, aka fara yin nasa a can, har da masu rahusa da ke ɗauke da sunan Squier. Na farkon suna da lamba mai farawa da JV. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu shugabanninsa a kan dala miliyan 12 da rabi, ƙasa da yadda ya saya shekara 20 baya. Aka buɗe sabuwar masana'anta a garin Corona, da wata a Ensenada ta ƙasar Meziko, wadda lambobinta ke farawa da MN a shekarun 1990, MZ a na 2000, MX daga 2010. A 2009 hukumar rajistar tambura ta Amurka ta ƙi ba kamfanin ikon mallakar siffar jikin jitocin, bisa hujjar cewa ta riga ta zama ta kowa.

Shi ya sa jitar da za a gani a cocin Sabon Gari a Kano, ko a hannun 'yan badujala, ko a ɗakin ɗaukar waƙa a Jos da Kaduna, galibi siffar Fender gare ta, ko da kuwa daga China ta fito da wani suna, ko ma da sunan Fender na jabu. A tsallaken iyaka abin ya fi haka ƙarfi. Buzayen Mali da Nijar sun mayar da jitar lantarki kayan bikinsu. Ƙungiyar Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua wanda waƙoƙinsa suka fara yawo ta katin waya, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yanzu kuma da farar Stratocaster ta bahagwai yake zagaya duniya.

Ga matashin Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya ga tallar jita ta hannu a Facebook, da wuya ƙwarai a ce ta 1962 ce ta ɓato. Tambayar da ke gabansa ita ce ko abin da aka rubuta a kai shi ne gaskiya, domin tazarar kuɗi tsakanin ta Amurka da ta Meziko da Squier da jabu ba kaɗan ba ce, alhali daga nesa duk ɗaya suke. Kada ya yi cinikin biri a sama. Ya nemi hoton kan jitar gaba da baya, inda ake rubuta lamba da ƙasar ƙira, da hoton faifan baya, da na gindin wuya bayan an kwance shi, da na ƙarƙashin faifan roba. Mai sayarwar da ya ƙi kwance sukuru huɗu ya riga ya ba da amsa. Idan ta zo hannu, ya hango wuyan daga kai kamar mai duba miƙewar sanda, ya jona ta da amfilifaya ya ɗan ƙwanƙwasa kowane maɗaukin sauti da bakin sukundireba ya ji ko yana amsawa. Ya kuma shafa gefen wuyan. Jitar da ta fito daga ƙasa mai laima, idan hunturun arewacin Jigawa ya busar da katakonta, yakan tsuke har bakin ƙarafan su fito suna yankar yatsa. Wannan ba alamar jabu ba ce, gogewa kawai yake buƙata.

Shekarun ƙarshe

Shi kuwa mai sunan bai iya zaman hutu ba. Da wa'adin sharaɗin ya cika, a 1975 ya fito a matsayin shugaban kamfanin Music Man da tsofaffin abokan aikinsa suka kafa, inda ya tsara StingRay a 1976, jita mai kaurin murya da ke ɗauke da batir a cikinta. Matarsa Esther ta rasu a 1979 bayan shekara 45 suna tare. Ya auri Phyllis a 1980. A daidai wannan lokaci ne shi da George Fullerton, wanda ke tare da shi tun 1948, da Dale Hyatt suka kafa G&L, wato haruffan farko na George da Leo.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da tufafi marasa ado da aljihun riga cike da biro da ƙananan sukundireba, ta yadda baƙo zai ɗauka ɗaya daga cikin masu gyaran inji ne. Ya sha fama da 'yan shanyewar jiki, cutar Parkinson mai sa karkarwa ta kama shi, ji ya yi masa nauyi, amma bai daina zuwa ɗakin gwajinsa ba, a wani titi na Fullerton da aka raɗa wa sunansa. Ya je aiki ana gobe zai rasu. Ya cika ranar 21 ga Maris 1991 yana da shekara 81. A 1992 aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka, a 2009 kuma aka ba shi Grammy ta fannin fasaha.

Jitocin da ya tsara a shekarunsa goma sha biyar na ƙarshe, babu ɗaya da ta fito a ƙarƙashin kamfanin Fender, tun da ya sayar da sunan. Music Man ko G&L ne a rubuce a kansu, kuma a kasuwar kayan hannu farashinsu bai kama ƙafar na waɗanda ya yi kafin 1965 ba.